Neman Mafaka a Addinin Buddha: Tambayoyi da Amsoshi

Tambayoyin da ke ƙasa su ne suka fi yawan fitowa daga bakin ɗalibai masu nazarin addinan duniya, da kuma 'yan'uwanmu da karatu ko jinya ko fatauci ya kai Indiya, Tailan, Siri Lanka ko ƙasar Sin, suka ji ana rera wasu kalmomi a wuraren ibada ba su san abin da suke nufi ba. An ba da amsoshin ne bisa yadda mabiya addinin da littattafansu suke bayyana al'amarin, domin mai karatu ya san shi yadda yake a wurin masu shi.

1. Me ake nufi da neman mafaka a addinin Buddha?

Neman mafaka furuci ne da mutum yake yi cewa daga yau ya ɗauki abubuwa uku su zama madogararsa: Buddha, malamin da addinin ya samo asali daga gare shi, Dhamma, koyarwarsa da gaskiyar da koyarwar take nunawa, da Sangha, jama'ar almajiransa. Ana kiran waɗannan uku Tiratana a harshen Pali, ko Triratna a harshen Sanskrit, wato jauharai uku, shi kuma furucin ana ce masa Tisarana, mafaka uku.

Wannan furuci shi ne ƙofar shiga addinin. Ya zo a nassosin Pali cewa wani basarake mai suna Mahanama, ɗan ƙabilar Sakya kuma dangin Buddha, ya tambaye shi da me mutum yake zama upasaka, wato mabiyin da yake zaune a gidansa da iyalinsa da sana'arsa, sai Buddha ya amsa masa cewa da zarar ya nemi mafaka ga ukun nan to ya zama. Ɗarikun addinin sun saɓa a kan abubuwa masu yawa, har a kan littattafan da za a karɓa a matsayin maganar Buddha, amma babu wadda ta yar da wannan furuci. Mutanen Tibet suna kiran mabiyin addinin nangpa, wato na ciki, kuma malamansu suna cewa mafakar ce ta raba na ciki da na waje.

2. Waɗanne kalmomi ake faɗa?

A ƙasashen ɗariƙar Theravada, irin su Siri Lanka, Tailan, Myanmar, Kambodiya da Laos, ana faɗar su da harshen Pali: Buddham saranam gacchami, Dhammam saranam gacchami, Sangham saranam gacchami. Ma'anarsu ita ce: ina tafiya ga Buddha ya zama mafakata, ina tafiya ga Dhamma, ina tafiya ga Sangha. Sai a maimaita jimlolin uku da ƙarin kalmar dutiyampi a farko, wato karo na biyu ma, sannan da tatiyampi, karo na uku ma, ya zama jimla tara ke nan. Kafin a fara ana rera gaisuwar girmamawa ga Buddha, wadda take farawa da Namo tassa, har sau uku.

Abin lura a nan shi ne aikatau ɗin jimlar. Gacchami na nufin ina tafiya, mai magana ne yake ba da labarin abin da shi kansa yake yi, babu wani roƙo a cikin jimlar, ba a ce ka tsare ni ko ka cece ni ba. Amsa ta 4 ta tsaya a kan wannan.

3. Mafaka daga me? Wane haɗari ake gudu?

Bahaushe yana fakewa daga ruwan sama ko zafin rana ko maƙiyi, saboda haka tambayar tana kan hanya. Haɗarin da addinin Buddha yake magana a kansa shi ne dukkha, kalmar da ta haɗa wahala da ƙunci da rashin ƙosawar zuciya: haihuwa, tsufa, ciwo, mutuwa, rabuwa da abin so, haɗuwa da abin ƙi, da rasa abin da ake nema. A aƙidarsu mutuwa ba ta kawo ƙarshen wannan, domin ayyukan mutum, waɗanda suke kira kamma, suna jefa shi cikin wata haihuwar, a cikin zagayen da suke kira samsara. Tushen abin kuwa yana cikin zuciya: kwaɗayi, ƙiyayya da ruɗu.

A cikin Dhammapada, littafin baitoci da ke cikin nassosin Pali, baiti na 188 zuwa 192, an ce tsoro yana kora mutane zuwa duwatsu da dazuzzuka da itatuwa da wuraren tsafi, amma waɗannan ba mafaka ce mai aminci ba. Wanda ya nemi mafaka ga Buddha da Dhamma da Sangha, ya kuma ga gaskiyoyi huɗu da hikima, shi ne ya samu mafakar da take raba mutum da wahala. Gaskiyoyin huɗu su ne: akwai wahala, tana da sanadi, tana da ƙarshe, kuma akwai hanya mai rassa takwas da take kaiwa ga ƙarshen nan, wanda suke kira Nibbana. Baitocin sun ɗaura amincin ne a kan ganin gaskiyar, furucin shi kaɗai bai wadatar ba.

4. Shin daidai yake da neman tsari da muka sani?

A nan ne fassara take yaudarar mutane. Idan Musulmi ya yi a'uziyya, ko Kirista ya ce Ubangiji ne mafakarsa, yana fuskantar Mahalicci ne, Mai ji, Mai iko, wanda Yake iya kawar da sharrin da kanSa. A koyarwar Theravada ba a ɗauki Buddha mahalicci ba, ba ya hukunta kowa, ba ya yafe zunubi, kuma ba ya iya ɗauke wa wani sakamakon aikinsa. Baiti na 276 na Dhammapada ya faɗi cewa ku ne za ku yi ƙoƙarin, su masu farkawa, wato Buddha da irinsa, nuna hanya kawai suke yi. Wani malamin lissafi mai suna Ganaka Moggallana ya taɓa tambayarsa me ya sa wasu almajiransa suke kaiwa ga Nibbana wasu ba sa kaiwa, sai ya ba shi misalin mutum biyu da aka yi wa kwatancen hanyar birnin Rajagaha iri ɗaya, ɗaya ya isa, ɗaya ya kauce ya nufi yamma, ya ce to mai kwatance me zai yi?

Misalin da zai fi kusa da fahimtar Bahaushe shi ne na madugu da ayari, kuma ba aro muka yi masa ba, domin ɗaya daga cikin laƙubban Buddha a nassosin Pali shi ne satthavaha, shugaban ayarin fatake. Falken da ya shiga ayarin Gwanja ya miƙa wuya ga madugu saboda shi ya san mashaya da zango da inda 'yan fashi suke kwanto, amma madugu ba zai goya shi ba, kuma idan ya ratse ya bar ayari abin da ya same shi nasa ne. Saboda haka kalmar sarana ta fi kusa da mubaya'a ko shiga almajirci fiye da roƙon kariya.

Sai dai duk wanda ya zauna a Tailan ko Siri Lanka zai ce ai ya ga akasin haka, kuma bai yi ƙarya ba. Ana rera nassosin kariya da ake kira paritta a sabon gida da gefen gadon majinyaci, ana ɗaura wa mutane farin zare a wuyan hannu bayan an yi karatu a kansa, direbobin Bankok kuma suna rataye ƙananan siffofin Buddha a wuya kamar laya. Wannan yana da tushe a nassi, domin a Dhajagga Sutta an umurci masu zuhudu da su tuna Buddha ko Dhamma ko Sangha idan tsoro ya kama su a daji. Malamai suna cewa kariyar tana zuwa ne daga ƙarfin gaskiya da natsuwar zuciya. Talaka kuwa sau da yawa kariya kawai yake nema bai damu da ta inda za ta zo ba. Mai son ya yi wa addinin adalci sai ya faɗi duka biyun.

5. Yaya ake neman mafaka ga wanda ya daɗe da rasuwa?

An haifi Siddhattha Gotama a Lumbini, cikin ƙasar Nepal ta yau, ya samu abin da mabiyansa suke kira farkawa a Bodh Gaya da ke jihar Bihar ta Indiya, ya yi wa'azinsa na farko a Sarnath kusa da Varanasi, ya shafe shekara 45 yana koyarwa, sannan ya rasu a Kushinagar yana da shekara 80. Kalandar Tailan, wadda take ƙirga daga rasuwarsa, tana gaban ta Miladiyya da shekara 543, ko da yake masana tarihi na zamani da yawa suna ganin rasuwar ta fi kusa da shekara ta 400 kafin Miladiyya. Kalmar Buddha laƙabi ce, ma'anarta wanda ya farka.

A wurin Theravada, abin da ake jingina da shi shi ne farkawar tasa: shaida ce cewa ɗan'adam ya taɓa isa ƙarshen hanyar, saboda haka hanyar tana biyuwa. Furanni da turare da fitilun da ake ajiyewa gaban mutum-mutuminsa ana bayyana su a matsayin girmamawa da tunatarwa, har akwai baitin da ake karantawa wajen ajiye fure mai cewa kamar yadda furen nan zai yanƙwane haka jikin nan zai lalace. Ɗarikun Mahayana na Sin da Koriya da Japan da Tibet sun faɗaɗa abin: a wurinsu Buddha ba ɗaya ba ne, kuma akwai waɗanda suke nan suna ji suna taimako, kamar yadda amsa ta 10 ta nuna.

6. Mece ce Dhamma, kuma me ya sa ake cewa ita ce ainihin mafakar?

Dhamma, ko Dharma a Sanskrit, tana da hawa uku: nassosin da ake karantawa, aikin da ake yi da su, da kuma tabbatar da gaskiyarsu a zuciya. Nassosin Pali ana kiransu Tipitaka, kwanduna uku, an riƙe su da hadda ƙarnoni kafin a rubuta su a ganyen dabino irin na can a Siri Lanka cikin ƙarni na 1 kafin Miladiyya. Cikin siffofi shida da ake yabon Dhamma da su akwai ehipassiko, wato mai cewa zo ka gani, wanda bai da nisa da namu gani ya kori ji.

Malamai suna yawan kawo misalin asibiti: Buddha likita, Dhamma magani, Sangha masu jinya. Likita ya gano cutar, masu jinya suna tsaye a kan majinyaci, amma maganin ne yake shiga jiki, kuma sai an haɗiye shi. Da rasuwar Buddha ta gabato bai naɗa magaji ba, ya ce wa hadiminsa Ananda koyarwa da dokokin da ya bari su ne malaminsu a bayansa. Duk da haka ya kwatanta koyarwar da abin fito da mutum ya haɗa da itace da ciyawa don ƙetare kogi, wanda ba a ɗora shi a ka a ci gaba da tafiya da shi bayan an kai gaɓa.

7. Su wane ne Sangha? Duk wanda ya sa rawayar riga ne?

Kalmar tana da ma'ana biyu a tsofaffin littattafai. Ta farko ita ce jama'ar masu zaman zuhudu da aka naɗa bisa doka, maza ana kiransu bhikkhu, mata bhikkhuni. A Theravada namiji yana ƙarƙashin dokoki 227, mace 311, kuma sai sun kai huɗu ake ƙirga su Sangha wajen zartar da wani al'amari. Ta biyu ita ce ariya sangha, jama'ar waɗanda suka riga suka taka ɗaya daga matakai huɗu na farkawa, ko masu zuhudu ne ko masu aure. Masu sharhi sun ce wannan ta biyun ce mafaka a haƙiƙa, ta farkon kuwa wakiliyarta ce da ido yake gani, ita ce kuma ta riƙe nassosin ta miƙo su.

Wannan rarrabewa tana da amfani a aikace. Idan aka kama wani mai zuhudu da cin amana ko tara dukiya, abin da jaridun Tailan ba sa rasa kawowa lokaci zuwa lokaci, mabiyi zai ce shi ba ga wannan mutum ya nemi mafaka ba. Ana kiran Sangha gonar lada, shi ya sa ake fita da sassafe a zuba musu abinci a kwanon bara. A Turai da Amurka kuwa an saba kiran duk wata ƙungiyar masu zaman natsar da zuciya da suna sangha, ma'anar da ta fi ta asali faɗi.

8. Wa ya fara neman mafaka?

Fatake biyu ne, Tapussa da Bhallika, waɗanda suka taso daga ƙasar Ukkala suka iske Buddha makonni kaɗan bayan farkawarsa, suka ba shi abincin gari da zuma. Mafaka biyu kawai suka nema, Buddha da Dhamma, domin a lokacin ba a kafa Sangha ba. Mutanen Myanmar suna riƙe da cewa gashin kan da ya ba su shi ne yake binne a ƙarƙashin hasumiyar Shwedagon ta birnin Yangon. Wanda ya fara faɗar ukun cif shi ne mahaifin wani saurayi mai suna Yasa, attajirin Varanasi, wanda ya fito neman ɗansa da ya gudu daga gida. Mahaifiyar Yasa da matarsa su ne matan farko.

A farkon zamani da wannan furuci kaɗai ake naɗa bhikkhu, daga baya aka mayar da naɗin hannun majalisar masu zuhudu, aka bar furucin don naɗa yara masu koyo, waɗanda ake kira samanera. Sarki Ashoka na Indiya ma, a ƙarni na 3 kafin Miladiyya, ya sa an sassaƙa a dutse a Bairat, cikin Rajasthan ta yau, cewa an san girmamawarsa da amincewarsa ga Buddha da Dhamma da Sangha.

9. Yaya ake yinsa, kuma dole ne sai a gaban malami?

A Theravada abin ba shi da tsawo. Mutum ya tuɓe takalmi ya durƙusa, ya haɗa tafukan hannu, ya roƙi bhikkhu da Pali ya ba shi mafaka uku da ƙa'idoji biyar, bhikkhu yana faɗa yana maimaitawa. Ba a yin wanka na musamman, ba a ba da takarda, kuma ana sake yinsa a farkon kusan kowane taro, daga ranakun ibada na wata zuwa jana'iza, har yaro yakan haddace shi tun bai san ma'anarsa ba. Tsohon lafazin da mutanen zamanin Buddha suke amfani da shi yana cewa daga yau har ƙarshen rai. Malamai da yawa sun yarda mutum zai iya yi shi kaɗai idan babu bhikkhu a kusa, domin niyya ce abin dubawa.

10. Ina bambancin Tibet da Sin da Japan?

A Tibet biki ne sosai: lama, wato malamin addini, yakan yanke ɗan gashi daga kan mai nema, ya raɗa masa sabon suna na addini. Suna sa lama a gaban jauharai ukun, a kan hujjar cewa ta hannunsa aka san su, kuma wa'adin nasu ba ƙarshen rai ba ne, har sai an kai ga farkawa, tare da niyyar kuɓutar da dukan masu rai. Wanda zai shiga manyan darussa yakan fara da faɗuwa ƙasa da dukan jiki sau 100,000 yana karanta baitin mafaka. Atisha, malamin Indiya da ya isa Tibet a shekarar 1042, ya nace wa wannan darasi har aka yi masa laƙabi da malamin mafaka.

A ƙasar Sin da Taiwan ana kiran bikin guiyi, kuma ana ba da ɗan littafin shaida mai ɗauke da sunan addini da sunan malamin. A Japan, dokar Yarima Shotoku mai sassa 17 ta shekarar 604 ta yi umurni a sashe na biyu da girmama taskoki uku, wato jauharai ukun nan, kuma ɗariƙar Soto Zen tana ƙirga mafaka ukun a farkon ƙa'idojinta 16. Littafin da ake dangantawa ga Huineng, babban malamin ɗariƙar Chan ta ƙasar Sin da ya rasu a 713, ya juya abin zuwa ciki, ya ce mafakar ita ce farkawa da daidaito da tsarkin da ke cikin zuciyar mutum.

Wadda ta fi nisa da abin da aka faɗa a amsa ta 4 ita ce ɗariƙar Ƙasa Mai Tsarki. Shinran, malaminta a Japan wanda ya rasu a 1263, ya koyar da cewa ɗan'adam ya yi rauni da yawa ga kuɓutar da kansa, sai dai ya sallama gaba ɗaya ga alkawarin Buddha Amida, yana ambaton Namu Amida Butsu. A nan mafaka ta koma dogaro ga ƙarfin wani, kuma wannan ɗariƙa tana cikin mafi yawan mabiya a Japan.

11. Wane nauyi yake hawa kan wanda ya nemi mafaka?

Kusan kullum ƙa'idoji biyar suna biyo baya: barin kashe mai rai, barin ɗaukar abin da ba a ba ka ba, barin ɓarna ta wajen sha'awa, barin ƙarya, da barin abin maye. Lafazinsu alkawarin horar da kai ne, mutum yana cewa na ɗauki horon barin kaza. A ranakun ibada masu himma suna ƙara uku su zama takwas, ciki har da barin cin abinci bayan tsakar rana. Littattafan Tibet sun ƙara wasu sharuɗɗa: wanda ya fake ga Buddha ba ya ɗaukar wani abin bauta na duniya mafakarsa ta ƙarshe, wanda ya fake ga Dhamma ba ya cutar da mai rai, wanda ya fake ga Sangha ba ya riƙon masu karkatar da shi abokan shawara, kuma ba a ajiye littafin addini a ƙasa ko a tsallake shi.

12. An ce Buddha ya ce mutum ya zama mafakar kansa. Ba tufka da warwara ba ne?

Ya faɗi hakan a watanninsa na ƙarshe, inda ya ce wa Ananda su zama tsibirin kansu, mafakar kansu, amma a cikin jimlar ya haɗa da cewa Dhamma ta zama tsibirinsu da mafakarsu, sannan ya fassara hakan da lura da jiki da ji da zuciya a kowane hali. Wato dogaro da kai a nan yana nufin yin aikin da kanka, ba ƙirƙiro hanyarka ba.

Labarin Upali ya nuna irin amincewar da ake nema. Attajiri ne a Nalanda, babban mai ɗaukar nauyin mabiya addinin Jain, ya je ya kayar da Buddha a muhawara sai shi aka rinjaya, nan take ya nemi mafaka. Buddha ya ce masa ya koma ya yi bincike tukuna, domin sanannen mutum irinsa bai kamata ya yi gaggawa ba. Upali ya ce wannan ya ƙara masa yarda, tun da wasu da sun samu irinsa da sun zaga gari da tuta. Sai Buddha ya ƙara da cewa gidansa ya daɗe yana zama kamar rijiya ga mutanensa na da, kada ya hana su sadaka idan sun zo.

13. Mafaka tana warwarewa? Kuma duk wanda ya sunkuya wa Buddha ya nemi mafaka ke nan?

Sharhin da ake dangantawa ga Buddhaghosa, malamin da ya yi aiki a Anuradhapura ta Siri Lanka a ƙarni na 5, ya ce mafakar mutumin da bai taka matakin farkawa ba tana yankewa ta hanya biyu: da mutuwa, wadda babu laifi a cikinta, ko da komawa ga wani malami a ɗauke shi mafaka. Jahilci da shakka da rashin ladabi suna gurɓata ta amma ba sa yanke ta, haka ma saɓa wa ɗaya daga ƙa'idoji biyar, sai dai a sabunta alkawari.

Sharhin ya kuma rarrabe sunkuyawa. Wanda ya rusuna wa Buddha don danginsa ne, ko don tsoro, ko don ya koya masa wata sana'a, bai nemi mafaka ba. Sai wanda ya rusuna yana ganin babu wanda ya fi shi cancantar girmamawa. Haka nan mabiyin da ya gaida sarki ko dattijon wani addini bai warware mafakarsa ba.

14. To me ya sa ake ganin mabiya Buddha suna kai wa aljanu da wasu alloli hadaya?

Ɗan kasuwar da ya sauka a unguwar Pratunam ta Bankok ba zai yi nisa ba zai ga wurin bautar Erawan, inda mutane suke cincirindo da furanni, alhali siffar da ke wurin ta Brahma ce, ɗaya daga allolin Hindu, ba ta Buddha ba. Gaban gidaje da otal-otal akwai ƙananan ɗakunan iskokai da ake ajiye wa abin sha, a Myanmar akwai iskokin nat guda 37 da aka sani, a Siri Lanka kuma mabiya Buddha suna zuwa Kataragama su yi bakance. Bayanin da suke bayarwa shi ne cewa waɗannan halittu suna cikin samsara kamar kowa, za su iya taimakawa a kan ciniki ko haihuwa ko jarrabawa kamar yadda mai mulki yake taimaka wa talaka, amma ba su da ikon fitar da kowa daga wahalar da aka bayyana a amsa ta 3. Malamai masu tsanani suna ganin talakawa sun wuce gona da iri a wannan, kuma muhawarar ba ta mutu ba.

15. Akwai lokacin da neman mafaka ya zama al'amarin siyasa?

Mafi shahara shi ne na Dokta B. R. Ambedkar, jagoran kwamitin da ya tsara kundin tsarin mulkin Indiya, wanda aka haifa cikin mutanen da tsarin Hindu na raba mutane aji-aji tun daga haihuwa ya ɗauka ba a taɓa su. Ranar 14 ga Oktoba 1956, a birnin Nagpur, ya karɓi mafaka uku da ƙa'idoji biyar daga hannun U Chandramani, dattijon bhikkhu ɗan asalin Bama, wato Myanmar ta yau, sannan ya juya ya ba da su ga dubban ɗaruruwan mabiyansa, ya ƙara musu alkawura 22 waɗanda suka haɗa da barin bautar allolin Hindu. Bai cika wata biyu ba ya rasu, ranar 6 ga Disamba na shekarar, amma har yau ana taruwa a filin, wanda ake kira Deekshabhoomi, kowace shekara. A wurin waɗannan mutane haɗarin da aka guda yana da fuska a fili, shi ne wulaƙancin da aka gada tun daga haihuwa.

16. Idan baƙo ya shiga wurin ibadarsu, ko ya halarci darasin natsar da zuciya, ya shiga addinin ke nan?

Ziyara ba ta mayar da kowa mabiyi, haka ma tuɓe takalmi ko zama shiru yayin da ake karatu, kamar yadda amsa ta 13 ta nuna. Amma furta Tisarana da niyya, a ma'aunin masu addinin kansu, shi ne shiga, don haka bai dace a ɗauke shi waƙar al'ada da ake amsawa don kara ba. Baƙon da aka gayyata ɗaurin aure ko jana'iza a Kolombo ko Bankok zai iya zama a gefe cikin ladabi ba tare da ya amsa ba, kuma ba a saba tilasta wa kowa ba.

Darussan natsar da zuciya kuwa sun bambanta. Waɗanda ake koyarwa a asibitoci da jami'o'i don rage damuwa galibi an cire musu wannan furuci. Amma zaman kwana 10 na Vipassana bisa tsarin malami S. N. Goenka, wanda babbar cibiyarsa take Igatpuri a jihar Maharashtra, ana buɗe shi a daren farko da mafaka uku da ƙa'idoji biyar, ko da yake masu shiryawa suna bayyana cewa halayen farkawa ake nufi kuma ba sa neman kowa ya sauya addini. Musulmi ko Kiristan da yake tunanin zuwa irin wannan zama ya kamata ya tambayi masu shiryawa tun kafin ya yi rajista abin da za a karanta a daren buɗewa da fassararsa, sannan ya kai lafazin ga malamin addininsa.